Kwandon da Bai Je Kasuwa Ba

An yi wani mutum a can baya, tun ba a san kajin gidan gona ba, tun ba a san ƙwai a jere cikin kiret ba, a wani gari da ba sai na kama sunansa ba. Wani bawan Allah ne, ana ce masa Nomau. Na baya ku matso, ku saurara. Labarin kaji ne, kuma ga shi har wasunku sun fara murmushi. To ku yi abinku yanzu, don nan gaba kaɗan murmushin zai tafi da kansa.

Nomau maginin rumbu ne a ƙuruciyarsa. In ya gina maka rumbu, sai ka tsufa ka bar wa 'ya'yanka. Wata rana yana kan tsani yana gyara bakin wani rumbu, tsanin ya zame, ya faɗo a kan ƙugunsa. Aka kai shi wajen mai ɗori, aka ɗaure, aka kwance, aka sake ɗaurewa, ƙashin bai koma daidai ba. Daga ranar bai ƙara hawa tsani ba, bai ƙara iya duƙawa da fartanya ba, sai sanda. 'Ya'ya kuwa Allah ya ba su uku, shi da matarsa Hansai, ya kuma karɓi abinsa tun suna ƙanana. Ga su nan su biyu a gida mai ɗaki ɗaya da zaure, babu mai noma musu, babu mai kawo musu.

Mutumin nan addu'arsa ɗaya ce, safe da yamma, bayan kowace salla: "Ya Allah, kada ka sa in tsaya a ƙofar wani in miƙa hannu." Ba girman kai ba ne. Ya san yadda fuskar mai gida ke sauyawa idan mabuƙaci ya yi sallama karo na uku, kuma ba ya so ya ga wannan sauyin a fuskar maƙwabtansa. Ku riƙe wannan addu'ar, za mu dawo kanta.

Sai Allah ya amsa masa ta hanyar kaza. Ya ba da kayan aikinsa na gini, aka ba shi sagara biyu da zakara ɗaya. A garin kowa na da kaji, amma kiwon sakaka ake yi: kaza ta fita da safe ta nemi abinta a bola, ta yi ƙwai inda ta ga dama, rabi kare ya sha, rabi ya ruɓe a bayan danga. Nomau bai yi haka ba. Maginin rumbu ne, sai ya zauna a ƙasa ya gina akurki na laka mai ƙofa da 'yan tagogi, ya jera fasassun tukwane a ciki ya shimfiɗa musu ƙaiƙayi, kowace kaza da wurin ƙwanta. Kowace Juma'a ya share ya barbaɗa toka saboda ƙuma. Da yamma ya cusa busasshen kashin shanu da karan dawa a tsohuwar tukunya, ya yayyafa ruwa, ya ɗingisa ya kife ta a bakin suri, da safe ya ɗauko ta cike da gara ya zazzage musu. Hansai kuma ta kwaɓa dusa. Cikin 'yan shekaru kajin suka kai goma sha bakwai da zakara, kuma irin nan ne masu yawan ƙwai, waɗanda ba sa saurin kwanci.

Da ƙwan nan suke ci, da shi suke sutura. Masu jego su aiko, masu jinya su aiko, mai dafa ƙwai a bakin kasuwa ta zo ta kwashe sauran. Samarin unguwa har suna tsokanarsa, su ce, "Baba Nomau, ina kwanan amaren?" Ya yi dariya ya ce, "Suna lafiya, sun fi ku tashi da wuri."

Yana da wata ɗabi'a da ba a san kowa da ita ba kafin shi. Duk ƙwan da ya kwana ba a saya ba, da safe sai ya ɗauki gawayi ya ja masa layi ɗaya. In ya sake kwana, ya ƙara layi. Mai saye na zuwa zai ce, "Wannan na yau ne, babu zane. Wannan ya kwana biyu, ga shi kina gani. Wannan ya kwana biyar, kada ki ba mara lafiya, ki dafa yau." Hansai takan ce, "Malam, wa ya tambaye ka? Ƙwai ai ƙwai ne." Shi kuma ya ce, "Ba a tambaye ni ba, amma za a tambaye ni." Kuma duk matar da kazarta ta yi kwanci a unguwar, in ta zo, sai ya zaɓo mata sabbin ƙwai uku ko huɗu marasa zane ya ce ta sa mata, ba ya karɓar komai. Haka irin kajinsa ya bazu gida gida, har matan suka koyi jan layi da gawayi.

To jama'a, ku saurara, ga inda jarrabawa ta shigo. Ba ta shigo da ɓarawo ba, ba ta shigo da muzuru ba. Da ɗan'uwa ta shigo.

Hansai na da ƙane, Jatau, mai fataucin kaji daga wannan kasuwa zuwa waccan. Ba mugu ba ne, mutum ne mai sauri, mai son riba. Bayan an gama girbi, sanyi ya fara shigowa, ya iso gidan da magariba ɗauke da kwandon kaji da ya samu da araha a wata kasuwa mai nisa. Ya ajiye kwandon a gefen akurki, ya ba su ruwa a kaskon kajin gida, ya kwana, da safe ya wuce. Babu wanda ya kawo komai a ransa.

Kwana biyar bayan haka, ranar Laraba, Nomau ya buɗe akurki, kaji suka fito da gudu kamar kullum, ban da ɗaya, wata wake-wake. Ya leƙa. Tana tsaye a lungu ta yi zugum, ta saki fukafukai, tana gyangyaɗi da safiyar Allah. Ya dubi ƙasa inda take tsaye, ya ga farin kashi. Ya zauna a kan turmi, ya daɗe yana kallon sauran suna cin gara. Duk mai kiwon kaji ya san wannan ciwo. In ya shiga akurki ba ya fita sai ya share shi. Kafin la'asar wake-waken ta mutu, wuyanta a murɗe, wata ja kuma ta fara gyangyaɗi.

Da yamma sai ga Jatau, ya dawo don kasuwar garin da ke ci ranar Alhamis. Ya ga mushen, ya ga jar kazar, ya riƙe baki.

Ya ce, "Yaya, daga kwandona ne. Wallahi ban sani ba. Uku sun mutu mini a hanya, sauran na yi maza na sayar."

Nomau ya ce, "Ka sayar?"

Jatau ya ce, "To me zan yi da su? Ni ma haka aka yi mini. Wanda ya sayar mini ya sani, shi ya sa ya karyar. Haka ake yi, Yaya, tun kafin a haife mu. Kaza ɗaya ta yi gyangyaɗi, sauran su ga kasuwa. Kuma Allah ya so ka, gobe kasuwa. Kana da goma sha biyar da zakara, ga su nan garau, suna ci suna sha. Da asuba mu ba su ruwan barkono su wartsake, Yaya Hansai ta goge musu baya da jiƙaƙƙen tsumma, a shafa musu ɗan mai a zanko ya yi ja. Kafin azahar na sayar maka da su tas. Ka riƙe abin da aka samu, in ciwon ya wuce ka sayi sabbi. In ka tsaya jira, nan da mako guda ba ka da ko gashin kaza."

Nomau ya ce, "Wanda ya saya fa?"

Jatau ya ce, "Wataƙila yankawa zai yi. Wataƙila ma ba su kamu ba. Ka san gaibu ne? Kuma ka ga, kajinka ne. Da na ce na Baba Nomau ne, wa zai tsaya hura gashi yana dubawa? Rububinsu za a yi."

Hansai tana bakin murhu tana ji. Mace ce mai tsoron Allah, amma ita ke auna tsabar da ke cikin tukunya, ta san iyakarta. Ta ce a hankali, "Malam, ban ce ka yi ba, ban ce kada ka yi ba. Amma in kajin nan suka tafi, me za mu ci? Ƙofar wa za ka je?"

Kun ji inda ta taɓa? Ta taɓa daidai wurin da ke masa ciwo. Kuma ni ba zan ɓoye muku ba, don ban zo in ba ku labarin mala'ika ba: Nomau bai ce a'a ba. Shiru ya yi. Jatau kuma ya ɗauki shirun a matsayin izini.

Gari ya waye. Aka daka barkono aka jiƙa, aka ɗura musu. Aka goge, aka shafa mai. Kajin nan suka fito fes, zankonsu ja wur, ka rantse ba su taɓa jin labarin ciwo ba. Jatau ya zuba su a babban kwando ya ajiye a zaure, ya fita neman jakin da zai ɗauka. Nomau na zaune kusa da kwandon, sandarsa tsakanin ƙafafunsa, zuciyarsa ta yi nauyi. Ya yi ta gaya wa kansa cewa ba shi ya kawo ciwon ba, ba shi ya ƙirƙiro al'adar ba, ba shi ma zai tsaya a kasuwar ba. Duk gaskiya ne, amma bai ji sauƙi ba.

Sai aka yi sallama. Ige ce, wata mata daga ƙarshen unguwa, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya mata uku. Kajinta tara ne, kuma dukkansu daga ƙwan da Nomau ya ba ta suka fito. Da su take riƙe da marayunta. Ta durƙusa ta gaishe shi, tana haki don ta yi sauri.

Ta ce, "Baba, na gamu da Jatau a hanya ya ce za ka rage kaji. Na ce kafin su tafi kasuwa bari in ruga. Mai tukkun nan nake so, tun bara nake tara mata. In haɗa ta da nawa."

Ta fara kwance bakin zanenta. Nomau ya dubi kwandon. Ya ce, "Ba za ki duba ta ba?"

Ige ta yi dariya. Ta ce, "In duba me? Kazar Baba? Mutumin da ke gaya mana kwanan ƙwai? Ai ko ido rufe zan ɗauka."

Ta miƙa hannu za ta ɗaga murfin kwandon.

Jama'a, a nan ne Allah ya buɗe masa ido. Ya ga abin da Jatau zai kai kasuwa ba kaji ba ne kawai. Layukan gawayin nan ne, na shekara da shekaru, za a ɗora a kan jaki a sayar cikin yini ɗaya. Ya ga kazar nan tana shiga gidan Ige, tana shan ruwa a kasko ɗaya da kaji tara. Ya ga Ige bayan kwana biyar tana buɗe akurki tana leƙa lungu, kamar yadda ya leƙa jiya. Kuma duk wanda zai saya a kasuwa, Ige ce, sai dai bai san fuskarsa ba.

Ya ɗora sandarsa a kan murfin ya ce da ƙarfi, "Kada ki taɓa!"

Ta ja baya a firgice. Ba ta taɓa jin ya ɗaga murya ba.

Ya ce, "Farin kashi ne a gidan nan, 'yata. Ɗaya ta tafi, ta biyu na bin ta. Waɗannan da kike gani barkono ne da mai. Ki ɗaure zanenki. Ga toka can, ga ruwa, ki wanke hannu da ƙafa kafin ki taka gidanki. In kin je ki kulle kajinki, kada su fito, kada baƙuwar kaza ta shiga. Kuma kada kaza ta sake shigowa gidan nan sai bayan wata biyu cur, ko da kyauta ce."

Ige ta dube shi, ta dubi kwandon. Ta gane abin da aka shirya, ta kuma gane abin da ya fasa. Ta wanke ƙafa ta fita da sauri.

Bai tsaya nan ba. Ya san zuciyarsa, ya san in Jatau ya dawo da jaki da daɗin bakinsa, zai iya sake yin shiru. Sai ya tashi ya ɗauki sanda ya bi unguwar ƙofa ƙofa, yana ɗingishi, yana sallama. "Salamu alaikum, a gaya wa matan gida ciwon kaji ya shiga gidan Nomau, a kulle kaji." Gida na gaba, haka. Gida na gaba, haka. Mutumin da ya roƙi Allah kada ya tsaya a ƙofar kowa, ranar ya tsaya a ƙofa ta fi talatin, yana tallar asararsa da bakinsa. Kafin hantsi ya dubi ludayi babu wanda bai ji ba, har masu tafiya kasuwa.

Da ya dawo ya tarar da Jatau a zaure, jaki a ɗaure, ransa a ɓace. Jatau ya ce, "Yaya, ka kashe kanka da bakinka. Yanzu ko kyauta wa zai karɓa? Kai kaɗai ne mai tsoron Allah a ƙasar nan?"

Nomau ya ce, "A'a. Ni dai wani ya yi mini, na ji yadda yake. Ba zan miƙa wa na gaba ba. A gidan nan zai tsaya."

Jatau ya kwance jakinsa ya tafi ko sallama babu. Hansai ta fito ta tsaya a bakin zaure. Hawaye na zuba, amma abin da ta ce shi ne, "Kawo kwandon, Malam, mu mayar da su ciki. Rana za ta dame su."

Yanzu na san abin da kuke jira. Kuna jira in ce da safe kajin suka warke, ko ya je haƙa rami ya tono tukunyar zinariya. Bai tono ba. Ba su warke ba. Suka yanka huɗu masu sauran lafiya suka yi banda don kansu, suka binne gashi da kayan ciki a rami mai zurfi don kada kare ya ja zuwa wani gida. Sauran suka yi ta jinya da sassaƙen maɗaci, ko Allah zai bar musu iri. Yau biyu, gobe uku. Zakaran ya tafi ranar Litinin. Ta ƙarshe ita ce mai tukkun, jikar sagarar farko, wadda ke cin gara a tafin hannunsa. A rana ta tara ya ɗauke ta da hannu biyu ya sa a ramin, ya mayar da ƙasa. Ya rushe akurkin da ya gina da hannunsa, ya ƙone ƙaiƙayin, ya fasa tukwanen da kaskon, ya zube toka ko'ina. Sannan ya zauna a kan turmi ya yi kuka, kuka na gaske, irin na tsoho, marar sauti.

Gidan ya yi tsit. Da asuba zakarun maƙwabta su yi cara, nasa shiru. Kwana uku Hansai na tashi ta kwaɓa dusa, sai ta fito tsakar gida ta tuna, ta tsaya riƙe da ƙwaryar.

A unguwar, gida biyu da ke jikin dangarsa sun yi asara, ɗaya daga cikin masu gidan har ya daina amsa gaisuwarsa. Sauran gidajen duk suka tsira. A ƙauyukan da kajin Jatau na farko suka shiga kuwa, an ce sai ka ratsa gari guda ba ka ji kukan kaza ba.

Da fari maƙwabta suka yi ta aiko da tuwo. Amma kun san halinmu, muna da zafin tausayi, ba mu da dogon numfashi. Mako biyu, uku, kwanukan suka ragu, kowa ya koma kan hidimarsa. Bandar ta ƙare. Suka koma cin dusar da aka tanadar wa kaji, Hansai ta tankaɗe ta dama. Ita ma ta ƙare. Wata rana da yamma Hansai ta kife tukunyar tsaba a gabansa, babu abin da ya faɗo.

Da safe ya yi salla, ya daɗe a zaune. Ya ce, "Ya Allah, na roƙe ka abu ɗaya shekara da shekaru. In ka ga a yau ne zan tsaya a ƙofar wani, to na yarda. Ban yi nadamar kwandon nan ba." Ya sa tsohuwar rigarsa, ya ɗauki sanda, Hansai ta miƙa masa ƙaramar ƙwarya ba tare da ta dube shi ba. Yana tafiya zuwa zaure yana haɗa kalmomin da zai faɗa, kalmomin da bai taɓa faɗa ba.

Ya ɗaga asabarin ƙofa. Sai ya ga Ige a durƙushe a waje, da faifai a rufe kan wata babbar ƙwarya, bayanta mata shida ko bakwai na unguwar, kowace da abu a hannu.

Ta ce, "Baba, ina kwana. Mun lissafa, jiya wata biyu ya cika. Kai ka ce kada kaza ta shigo kafin nan, shi ya sa muka jira."

Ta ɗaga faifan. Kaza ce mai tukku, kwance lumui a kan ƙaiƙayi, ta buɗe fukafukai, tana harararsa irin hararar mai kwanci. Ige ta ɗan ɗaga ta. Ƙwai goma sha biyu a ƙarƙashinta, wasu da layin gawayi ɗaya, wasu babu.

Ta ce, "Kowane gida ya kawo nasa na jiya da na yau. Ga kuma sagara uku a wajen matan nan, sun fara ƙwai, ba sai ka jira ƙyanƙyasa ba. Ga dawa, ga dusa."

Nomau ya ɓoye ƙaramar ƙwaryar a bayan rigarsa. Ya ce, "Ige, ni ban roƙa ba."

Ta ce, "Wa ya ce ka roƙa? Ba sadaka muka kawo ba, Baba. Dubi tukkunta. Wannan 'yar ƙwan da ka ba ni ce shekara uku da suka wuce. Duk kazar da ke numfashi a unguwar nan irinka ce, kuma da ka bar ni na ɗaga murfin nan, da babu ko ɗaya. Kajinka ne suka yi wata biyu a gidajenmu, yau sun dawo gida."

Ya jingina sandarsa da bango. Ya miƙa hannu biyu ya karɓi ƙwaryar, a ƙofar gidansa, ba a ƙofar kowa ba. Ya juya ya kira, "Hansai! Kwaɓa dusa."

To jama'a, labari ya ƙare, saura namu. Kada wani ya tashi daga nan ya ce, ashe in na yi gaskiya mata za su zo da kaji. Wataƙila su zo, wataƙila ba za su zo ba. Nomau bai san za su zo ba lokacin da ya ɗora sanda a kan kwando. Ya riga ya ɗauki ƙwaryar roƙo ya ce bai yi nadama ba. Ko da ya ɗaga asabari bai ga kowa ba, da ya ci jarrabawarsa. Darasin shi ne wannan: cutar da aka yi maka ba izini ba ne ka cuci na gaba, kuma wanda ya yarda da kai har ya daina dubawa, hakkinsa a wuyanka ya fi na kowa nauyi.

Yau da yawanku kuna da kaji masu ƙwai a bayan ɗaki, hamsin, ɗari, wasu fiye. Madalla, sana'a ce ta halal, Allah ya sa albarka. Amma ina tambaya. Ranar da biyu suka yi gyangyaɗi, wa kake kira, mai magani ko mai saye? Ƙwan da ya yi mako biyu a ɗaki, a ina kake sa shi cikin kiret, a sama inda za a gani ko a ƙasa? Kai da ba ka kiwon kaji, kada ka gyara zama kana kallon maƙwabcinka. Akuyar da ka san tana tari, babur ɗin da ka san injinsa ya gaji ka wanke shi ya yi ƙyalli, buhun da ka sa mai kyau a baki. Duk ruwan barkono ne da mai a zanko. Kuma duk mun san kalmar da muke fakewa da ita, kalmar Jatau ce: ni ma haka aka yi mini, haka ake yi.

Haka ake yi, har sai an samu mutum ɗaya da zai ce a gidana zai tsaya. Gurgu ne, tsoho, ba shi da ɗa, ba shi da gona, ya faɗa ya kuma cika. Kai da ƙafarka biyu, me zai hana ka? Gobe in mai saye ya miƙa hannu yana cewa ai kayanka ba sai an duba ba, ka tuna da Ige, ka buɗe baki ka faɗi aibin kafin ya ɗaga murfin.

Allah ya ba mu ikon faɗa. Allah ya tsare mu daga cin hakkin wanda ya amince da mu, ya rufa mana asiri da halal komai ƙanƙantarta. Ku ce amin, mu tashi, lokacin salla ya yi.